Me ya sa ake lissafa Vyacheslav Fetisov cikin gwanayen masu tsaron baya a wasan hokin ƙanƙara?

Tambaya: Na duba tarihin ɗan wasan Rasha Vyacheslav Fetisov a gasar NHL ta Amurka da Kanada, sai na ga wasa 546 ya buga, ƙwallo 36 kacal ya ci, kuma bai taɓa samun kyautar gwarzon mai tsaron baya na shekara ba. To, da wace hujja ake sanya shi a sahun farko na masu tsaron baya a tarihin wannan wasa?

Amsa: Alƙaluman da ka kawo daidai ne. A kakar wasa tara da ya yi a NHL ya buga wasa 546, ya ci ƙwallo 36, ya ba da 192 aka ci, jimillar makinsa 228. Babu wanda zai kalli wannan ya ce ya kai na masu tsaron baya 'yan Kanada Ray Bourque ko Paul Coffey, waɗanda kowannensu ya wuce maki 1500. Abin da alƙaluman ba su nuna maka ba shi ne, an haifi Fetisov a Mosko ranar 20 ga Afrilu 1958, kuma bai taka filin NHL ba sai a 1989, yana ɗan shekara 31, bayan ya riga ya ƙarar da ganiyarsa a ƙungiyar sojojin Tarayyar Sobiyat, wato CSKA Mosko, da kuma tawagar ƙasarsa. Abin da ka duba ɗin wutsiyar aikinsa ce.

Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata a san abin da ake nema daga mai tsaron baya a wannan wasa, domin maki ba su cika auna shi ba. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a kan ƙanƙara: mai tsaron raga ɗaya, masu tsaron baya biyu, da 'yan gaba uku. Ana buga wani faifan baƙar roba da sanduna, kowa na sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kuma saboda tsananin gudu ana canja 'yan wasa ana cikin wasa, da wuya mutum ya wuce minti ɗaya bai fita ya huta ba. Akwai shuɗin layi biyu da suka raba filin gida uku, kuma ana iya zagayawa ta bayan raga a ci gaba da wasa. Aiki mafi wuya ga mai tsaron baya shi ne lokacin da abokan hamayya suka wurga faifan can lungun bayan ragarsa: dole ya juya ya bi shi, ya ba masu binsa baya, yana sane cewa doka ta yarda su maka shi da bangon katakon da ya kewaye filin, kuma cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya yanke shawarar inda zai tura faifan. Idan bugun farkon nan ya yi kyau, ƙungiyarsa ta fita da gudu. Idan ya ɓaci, an tsare su a gida. Ana ba da makin taimako ga mutum biyu na ƙarshe da suka taɓa faifan kafin wanda ya ci, don haka wanda ya fara harin daga bayan raga sau da yawa ba a rubuta masa komai. Haka kuma ba a rubuta gudun da baya-da-baya da yake yi yana matse ɗan gaban abokan hamayya zuwa gefe, har harin ya mutu ba a kai ga bugun raga ba. A waɗannan abubuwa biyu ne Fetisov ya fi ƙwarewa, ga shi kuma da jiki mai nauyi da bugu mai ƙarfi.

Sai kuma irin makarantar da ya fito. Anatoly Tarasov, wanda ya gina ƙungiyar CSKA tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kafa wasan Sobiyat a kan riƙe faifai da miƙa wa juna. Salon Kanada a wancan zamani shi ne a wurga faifan gaba, a bi shi da ƙarfi, a ƙwato shi a jikin bango. 'Yan Sobiyat kuwa idan suka iso shuɗin layi suka ga hanya a toshe, sai su juya su koma baya da faifan, su sake ɗaura hari, abin da kocin Kanada zai ɗauka a matsayin ɓata lokaci ko ma tsoro. A irin wannan tsari mai tsaron baya ba mai gadi ba ne kawai, shi ne mafarin kowane hari, kuma yana iya kutsawa gaba idan ya ga dama, ɗan gaba ya koma ya rufe masa gurbi. Wani bambanci kuma shi ne, a Arewacin Amurka ana canja 'yan gaba uku daban, 'yan baya biyu daban, amma a Sobiyat ana haɗa mutum biyar su zama tawaga guda, su shiga tare, su fita tare, shekara da shekaru.

Viktor Tikhonov ya karɓi CSKA da tawagar ƙasa a 1977, kuma a farkon shekarun 1980 ya haɗa biyar ɗin da suka fi kowa shahara: Vladimir Krutov, Igor Larionov da Sergei Makarov a gaba, Fetisov da Alexei Kasatonov a baya. An riƙa kiransu Koriyar Tawaga saboda korayen rigunan da suke sawa a wajen atisaye. Fetisov ne kyaftin, mai lamba 2. Da tawagar ƙasa ya ci zinaren Olamfik sau biyu, a Sarajevo a 1984 da Calgary a 1988, da azurfa a Lake Placid a 1980, inda ɗaliban jami'o'in Amurka suka doke su da ci 4 da 3 a wasan da har yau Amurkawa ba su daina ba da labarinsa ba. Ya ci gasar duniya sau bakwai: 1978, 1981, 1982, 1983, 1986, 1989 da 1990. An zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Tarayyar Sobiyat a 1982 da 1986. A gasar lig ta cikin gida, inda wasannin kaka ɗaya ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, ya ci ƙwallo sama da 150, wato kusan ƙwallo ɗaya a kowane wasa uku, adadin da ɗan gaba ma ba zai raina ba.

Sai dai ba duka waɗannan kofuna ne nake ba nauyi ɗaya ba, kuma mai shakka yana da abin faɗa a nan. CSKA ta ci gasar lig sau 13 a jere, daga 1977 zuwa 1989, amma ta ci ne domin ita ce ƙungiyar soja, kuma duk matashin da ya yi fice a wani gari ana iya kiransa aikin soja a kawo shi Mosko. An ɗauko Makarov daga Chelyabinsk, Larionov daga Voskresensk, Kasatonov daga Leningrad. Ƙungiyar da ta kwashe gwanayen abokan hamayyarta ba abin mamaki ba ne ta doke su. Gasar duniya ma ana yin ta ne a daidai lokacin da NHL ke zagayen fitar da gwani, don haka Kanada kan aiko da waɗanda aka riga aka fitar da ƙungiyoyinsu ne, kuma 'yan NHL ba su fara zuwa Olamfik gaba ɗaya ba sai 1998. Saboda haka ma'aunin da ya fi cancanta shi ne wasannin da kowane ɓangare ya zo da gwanayensa duka, wato gasar Kofin Kanada. A 1981 Sobiyat ta lallasa Kanada da ci 8 da 1 a wasan ƙarshe a Montreal, a kan filin Kanada, da tawagar da ta ƙunshi Wayne Gretzky da Guy Lafleur da Denis Potvin. A 1984 Fetisov bai buga ba saboda rauni, aka fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. A 1987 an yi wasan ƙarshe sau uku, kowanne ya tashi 6 da 5, Kanada ta ci biyu, inda Mario Lemieux ya ci ta ƙarshe daga bugun Gretzky. Da aka zo zaɓen gwanayen gasar, masu tsaron baya biyun da aka fitar su ne Bourque da Fetisov. Wannan, a ganina, ya fi kofunan lig goma sha ukun nan ƙarfin hujja, domin ya nuna cewa lokacin da yake ganiyarsa, a kan ƙaramin filin NHL, gaban mafiya ƙwarewa a duniya, yana ɗaya daga cikin biyu mafiya kyau a gurbinsa.

'Yan jaridar Arewacin Amurka sun so su riƙa kwatanta shi da Bobby Orr, shahararren mai tsaron baya ɗan Kanada. Kwatancin bai gamsar da ni ba. Orr yakan ɗauki faifan shi kaɗai daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, har ya tara maki 139 a kaka ɗaya. Fetisov ƙarfinsa yana cikin haɗin kai da mutum huɗun da ke tare da shi, kuma wannan ne ya sa ya sha wuya da aka raba shi da su.

Dalilin da ya sa ya makara wajen zuwa NHL shi ne ɓangaren da ya fi muhimmanci a tarihinsa. A zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NHL ke yi bi-da-bi kowace shekara, Montreal Canadiens ta zaɓe shi a 1978 a matsayi na 201, New Jersey Devils ta sake zaɓensa a 1983, amma duka biyun sun san cewa suna ne kawai suka rubuta a takarda, domin ɗan wasan CSKA hafsan soja ne, ba shi da ikon barin aiki. Tikhonov yana tsare 'yan wasansa a sansanin Arkhangelskoye da ke wajen Mosko kusan wata goma sha ɗaya a shekara, ana atisaye sau da yawa a rana, magidanta masu 'ya'ya ba sa kwana a gida sai jefi-jefi. A cikin wannan hali ne, a 1985, Fetisov ya yi haɗarin mota yana tuƙi, ƙanensa Anatoly, wanda shi ma matashin ɗan wasa ne da ake sa wa rai, ya rasu.

Bayan zinaren Calgary a 1988, Fetisov ya ɗauka an yi masa alkawarin sallama, amma Tikhonov ya hana. A ƙarshen wannan shekara Larionov ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Ogonyok yana sukar yadda kocin ke tafiyar da su, abin da ba a saba gani ba kafin zamanin sassaucin Mikhail Gorbachev. A farkon 1989 Fetisov ya faɗa a jarida cewa ba zai ƙara buga wa Tikhonov ba, aka ajiye shi, aka hana shi wurin atisaye. Maganar ta kai har gaban ministan tsaro Dmitry Yazov, wanda, kamar yadda shi Fetisov ya sha ba da labari, ya yi masa barazanar tura shi Saiberiya. Da gasar duniya ta 1989 a Suwidin ta matso, Larionov da Makarov da Krutov suka ce ba za su je ba sai da shi. Aka mayar da shi, 'yan wasa suka sake zaɓensa kyaftin, suka ciyo zinare. Kasatonov bai goyi bayansa ba a wannan takun-saƙa, kuma abotarsu ta shekaru ta lalace a nan.

Abin da Fetisov ya tsaya a kai ba izinin tafiya kawai ba ne. Hukumomin wasanni sun riga sun fara yarda su tura 'yan wasa waje, amma bisa sharaɗin cewa hukuma ce za ta ƙulla yarjejeniya ta kuma riƙe kaso mafi tsoka na albashin. Fetisov ya nace cewa da sunansa za a ƙulla kwantaragi, kuma ya ƙi guduwa a ɓoye, ko da yake hanyar tana nan, kamar yadda Alexander Mogilny ya nuna lokacin da ya sulale daga Stockholm bayan gasar 1989 ya tafi Buffalo. Ya kamata a gyara wani kuskure da ake yawan yi a nan: ba shi ne ɗan Sobiyat na farko a NHL ba. Viktor Nechayev ya buga wa Los Angeles Kings wasa uku a 1982, kuma Sergei Pryakhin ya tafi Calgary da izinin hukuma a farkon 1989. Bambancin shi ne, Fetisov ne kyaftin ɗin ƙasa, kuma da ya karya shingen, ba a iya sake gyara shi ba. A wannan shekarar ce Makarov ya tafi Calgary, Larionov da Krutov suka tafi Vancouver, shi kuma ya isa New Jersey ƙarƙashin manajanta Lou Lamoriello, wanda ya daɗe yana bibiyar maganar.

Shekarunsa a New Jersey ba na a-zo-a-gani ba ne, kuma babu amfanin a yi musu ado. Kakarsa ta farko ce mafi kyau ta fuskar maki, ƙwallo 8 da taimako 34 a wasa 72, daga nan bai sake kusantar wannan adadi a New Jersey ba. Dalilan suna da yawa. Filin NHL faɗinsa kusan mita 26 ne, na ƙasa da ƙasa kuwa mita 30, kuma mita huɗun nan su ne lokacin da mai tsaron baya ke samu ya ɗaga kai ya duba. Wasannin kaka 80 ne, kusan ninki biyu na abin da ya saba, ga doguwar tafiya a jirgi. Yakan ajiye faifan a inda Makarov ko Larionov zai kasance, sai ya tarar babu kowa a wurin, domin 'yan gaban New Jersey sun riga sun ruga gaba suna jiran a wurga musu. Akwai kuma 'yan wasan da suke ganin baƙin nan sun zo ƙwace musu aiki, a lokacin da Yaƙin Cacar Baka bai gama hucewa ba. A kan wannan duka, ƙungiyar ta ɗauko Kasatonov a tsakiyar kakar farko, aka haɗa su suna buga baya tare alhali ba sa magana da juna a waje. Krutov bai wuce kaka ɗaya a NHL ba. Makarov kuwa ya ci kyautar gwarzon sabon ɗan wasa yana da shekara 31, har aka sa dokar ƙayyade shekaru daga baya. Fetisov ya faɗo tsakanin waɗannan biyun.

Hujja mafi ƙarfi cewa matsalar ta salo ce, ba ta ƙwarewa ba, ita ce abin da ya faru a Detroit. A Afrilun 1995 New Jersey ta ba da shi ga Detroit Red Wings a madadin damar zaɓe ɗaya ta zagaye na uku, farashin da ake biya wa wanda aka ɗauka ya gama yayi. Wata biyu da 'yan kai bayan haka ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, New Jersey ta ci huɗu a jere. Amma kocin Detroit, Scotty Bowman, ya san wasan Sobiyat da kyau, domin shi ne kocin Kanada a ranar 8 da 1 ta 1981. A Oktoban 1995 ya sa aka ɗauko Larionov daga San Jose, aka ba da Ray Sheppard, ɗan gaban da ya taɓa cin ƙwallo sama da 50 a kaka ɗaya, sannan ya haɗa 'yan Rasha biyar ya tura su tare kamar yadda ake yi a Mosko: Larionov, Sergei Fedorov da Vyacheslav Kozlov a gaba, Fetisov da Vladimir Konstantinov a baya. Bowman ya ƙyale su su yi wasansu. Nan take dattijo mai shekara 37 ya koma yana samun mutum a duk inda ya ajiye faifan. Detroit ta ci wasa 62 a wannan kaka, adadin da babu wanda ya taɓa kai wa kafin nan, ko da yake Colorado ta fitar da ita kafin wasan ƙarshe.

A 1997 Detroit ta doke Philadelphia huɗu a jere ta ɗauki Kofin Stanley, karon farko tun 1955. Da wannan Fetisov da Larionov suka shiga sahun 'yan ƙalilan da suka haɗa zinaren Olamfik da gasar duniya da Kofin Stanley. A nan ma ba su ne 'yan Rasha na farko ba: Sergei Zubov da abokansa uku sun ci kofin da New York Rangers a 1994. Kwana shida bayan nasarar, ranar 13 ga Yuni, motar hayar da ta ɗauko Fetisov da Konstantinov da mai yi wa 'yan wasa tausa, Sergei Mnatsakanov, ta bugi bishiya. Fetisov ya warke ya koma wasa. Konstantinov, wanda a wannan shekarar ya zo na biyu a zaɓen gwarzon mai tsaron baya, ya sami rauni a ƙwaƙwalwa, bai sake buga wasa ba. A wannan bazarar Fetisov da Larionov da Kozlov suka kai kofin Mosko, karon farko da ya shiga Rasha. A 1998 Detroit ta sake cin kofin a kan Washington, aka shigo da Konstantinov kan ƙanƙara a keken guragu aka ɗora masa shi a cinya. Fetisov ya yi ritaya bayan wannan, yana da shekara 40.

Game da kyautar gwarzon mai tsaron baya da ka ambata, gaskiya ne bai samu ba, kuma ko a Detroit ba shi ne na ɗaya ba, Nicklas Lidström da Konstantinov suna gabansa. Idan kana neman ɗan Rasha mai alƙaluman NHL masu cika ido, sai ka duba waɗanda suka zo suna matasa bayan an buɗe hanya: Zubov ya tara maki 771, Sergei Gonchar ya tara 811 a wasa sama da 1300. Waɗannan sun ba da misalin abin da mai tsaron baya da aka horar a Rasha zai iya yi idan ya fara tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Masu zaɓe da suka kalli aikin Fetisov gaba ɗaya sun yanke hukuncinsu: an shigar da shi Zauren Gwarzayen Hoki da ke Toronto a 2001, kuma a 2008, da hukumar hokin ƙanƙara ta duniya ta cika shekara ɗari ta nemi masana 56 su fitar da mutum shida mafiya ƙwarewa a wasannin ƙasa da ƙasa, Fetisov ne ya fi kowa samun ƙuri'a, 54, sama da Gretzky. Ya kamata dai a tuna cewa wannan zaɓe a kan wasannin ƙasa da ƙasa ne, fagen da 'yan Sobiyat suka fi 'yan Kanada yawan fitowa.

Bayan ritaya ya koma New Jersey a matsayin mataimakin koci, ya ci kofin da su a 2000, sannan ya jagoranci tawagar Rasha ta ciyo tagulla a Olamfik na Salt Lake City a 2002. A wannan shekarar Vladimir Putin ya kira shi gida ya shugabanci hukumar wasanni ta ƙasa, muƙamin da ya riƙe har 2008, daga nan ya shiga majalisar dattawa, sannan majalisar wakilai ta Duma a 2016. Yana cikin waɗanda suka taimaka wajen kafa KHL, babbar gasar lig ta hokin ƙanƙara a Rasha, a 2008, wadda ɗaya daga cikin manufofinta shi ne riƙe 'yan wasan Rasha a gida, kuma masu sukarsa ba su fasa nuna cewa mutumin da ya yi faɗa don a bar 'yan wasa su fita shi ne daga baya ya nemi a taƙaita fitar matasa ba. A Disamban 2009, yana shugaban CSKA, masu tsaron bayan ƙungiyar suka ji rauni, sai ya sa riga ya buga wasa ɗaya da SKA ta Saint Petersburg yana da shekara 51, kuma CSKA ce ta sha kashi a ranar.